Soja Marmari Daga Nesa: Me Ke Riƙe Da Mai Kaki A Bakin Aikinsa?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin fili ranar ɗaukar sababbin sojoji a Damagaram, ko Maraɗi, ko Tawa, ya ga abin da ba ya mantuwa. Samari ɗaruruwa, wasu da takalmi wasu ƙafa ba komai, tun asuba suna jiran a busa usur su zuba da gudu. Wanda ya taki sa'a sunansa ya fito, ranar gidansu sai guɗa. Uwa ta yi sadaka, uba ya sa albarka, ƙanne su soma lissafin abin da yaya zai riƙa aikowa ƙarshen wata. Bayan ƴan watanni ya dawo daga horo, kai a aske ƙwal, kaki ya sha guga, yaran unguwa na biye da shi har ƙofar gida. Wannan ita ce fuskar aikin soja da muka sani, mu masu kallo daga waje. Da masu iya magana suka ce soja marmari daga nesa, kunnen farar hula suke ja, amma maganar ta dace da aikin kansa, domin shi ma daga nesa ya fi ban sha'awa.

Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne halin da wannan saurayi yake ciki bayan shekara 15. Ya zama magidanci mai iyali, ya binne abokai da hannunsa, ya kwana cikin ramuka a Difa da Tilaberi, ya ga sa'anninsa da suka shiga kasuwanci sun gina gidaje. Me ke riƙe da shi a cikin kakin nan? Zuciyarsa ce ta zauna, ko kuwa wurin zuwa ne babu?

Ra'ayinmu shi ne, ƙasashenmu sun daɗe suna yi wa rogo kallon kitse a wannan batu. Suna ganin soja bai ajiye aiki ba, sai su ɗauka ya gamsu. Suna ganin ya ƙame ya sara wa na gaba da shi, sai su ɗauka biyayyar ta kai zuci. Alhali kuwa a lokuta da yawa talaucin da ke waje ne yake yi musu gadin ƙofar bariki. Kuma rundunar da talauci kaɗai ya tsare mutanenta, ranar da aka fi bukatarta ita ce ranar da za a gane abin da aka tara.

A 1991 wasu masana halayyar ma'aikata biyu daga Kanada, John Meyer da Natalie Allen, sun rarrabe abin da ke ɗaure mutum da wurin aikinsa gida uku. Bari mu kira su igiyoyi uku. Ta farko igiyar so: mutum ya zauna domin yana ƙaunar wurin, yana jin shi nasa ne, abin da ya taɓa wurin ya taɓa shi. Ta biyu igiyar tilas: ya zauna domin barin zai jawo masa asarar da ba zai iya ɗauka ba, kamar fanshon da ya kusa kaiwa, ko gidan da yake ciki, ko rashin wata sana'a. Ta uku igiyar amana: ya zauna domin yana jin akwai nauyi a wuyansa, ya yi rantsuwa, an yi masa alheri, kunya ba za ta bar shi ya juya baya ba. Kowane ma'aikaci yana da rabonsa daga ukun, sai dai wata takan rinjayi wata.

A filin fareti ba a iya bambanta su. Wanda so ya ɗaure da wanda tilas ta ɗaure duk ƙafa ɗaya suke ɗagawa, sara ɗaya suke yi. Bambancin sai da tsakar dare, a wani sansani na kan iyaka, lokacin da babura suka kewaye wuri kuma agaji yana nesa. A nan wanda igiyar tilas kaɗai ke riƙe da shi zai yi lissafi, lissafin kuwa a fili yake: babu albashin da ya kai rai. Malamin makaranta ko ma'aikacin ofis da ya gaji da aikinsa zai yi sakaci, a yi asarar lokaci da dukiya. Sojan da ya gaji da nasa yana riƙe da bindiga, kuma garuruwa ne ke barci a bayansa. Shi ya sa gamsuwar soja da aikinsa ta wuce zancen jin daɗin ma'aikaci, ta shiga zancen rayuwar ƙasa.

Kakanninmu ba su karanta waɗannan masana ba, amma sun san maganar. A Katsina da Gobir da Damagaram da Maraɗi, tsakanin barde da ubangidansa akwai haƙƙi ta ɓangare biyu. Ubangida ya ba shi doki da sirdi da riga, ya yi masa aure, ya raba ganima a gaban kowa, in ya faɗi a fagen fama ya riƙe ƴaƴansa. Shi kuma barde ya ba da wuyansa. Kiɗan da ake yi wa mazaje, da kirari, da sarautun yaƙi irin su Ƙaura da Madawaki da Ubandawaki, duk hanyoyi ne na shaida wa mutum a bainar jama'a cewa an ga abin da ya yi. Kuma kowa ya san idan aka wulaƙanta barde, aka danne masa rabo, yana iya ɗaura sirdi da dare ya koma wajen wani sarki, babu mai ganin laifinsa sosai. Biyayya a wajensu abu ce da ake ciyarwa kullum kamar doki. Wanda ya bar ta da yunwa, kada ya yi mamaki in ta kasa ɗaukar sa ranar gudu.

A tarihin Musulunci ma haka. Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya ƙara masa yarda, shi ya kafa diwani, aka rubuta sunayen mayaƙa da rabon kowa daga baitulmali, don kada haƙƙin mai yaƙi ya dogara ga ganin damar wani. Kuma an ruwaito cewa da ya ji koken wata mata da mijinta ya daɗe a wajen yaƙi, sai ya tambayi ƴarsa Hafsa iyakar haƙurin mace ba mijinta, sannan ya iyakance zaman mayaƙi nesa da iyalinsa, wata 4 ko 6 gwargwadon ruwaya. Shugaban da ke aika runduna zuwa Sham da Iraƙi bai ga wannan a matsayin ƙaramin al'amari ba. Ya gane cewa mayaƙi mutum ne mai gida, kuma rabin zuciyarsa na can.

Da Turawa suka zo, mu Hausawa muna cikin waɗanda suka fara saka musu kaki a wannan yanki. A 1863 John Glover ya tara ƴan dakarunsa na farko a Ikko, waɗanda aka riƙa kira Hausawan Glover, kuma daga wannan tushe sojan Najeriya ke ƙirga tarihinsa. A 1879 aka kafa irin wannan runduna a ƙasar da ake kira Ghana a yau, Hausa ta zama harshen bariki, tsofaffin sojoji kuma suka shiga cikin waɗanda suka raya zanguna. A ɓangaren Faransa, an kwashi samarinmu zuwa yaƙunan duniya biyu. Mutanen nan sun yi yaƙi a Bama da Turai don tutar da ba tasu ba, sun jure abin da ba ya faɗuwa. Abin lura shi ne wurin da haƙurinsu ya ƙare.

Ranar 1 ga Disamban 1944, a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, sojojin Afirka da suka dawo daga zaman fursuna a hannun Jamus suka nemi a biya su kuɗaɗensu kafin a sallame su. Aka buɗe musu wuta. Hukumomin Faransa na lokacin sun ce mutum 35 suka mutu, masana tarihi da dama suna ganin adadin ya kai ɗaruruwa, kuma sai a 2024 shugaban Faransa ya amsa cewa kisan kiyashi ne. Ranar 28 ga Fabrairun 1948, a Akra, mazan jiya suka ɗauki takardar koke za su kai wa gwamna a kan alkawuran da aka yi musu ba a cika ba. Aka harbe uku daga cikinsu: Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey. Tarzomar da ta biyo baya ta gaggauta tafiyar da ta kai Ghana ga ƴanci a 1957. Ita kuwa Faransa, a 1959 ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojinta na ƙasashen da ta mallaka, ba a daidaita shi da na ƴan ƙasarta gaba ɗaya ba sai a 2011, bayan mafi yawan masu haƙƙin sun kwanta dama. Mutanen da harsashin Jamus da dazukan Bama ba su karya ba, saɓa alkawari ne ya fito da su kan titi.

Da mun ɗauki darasi, da an ce wannan halin ɗan mulkin mallaka ne, ya tafi da abinsa. Amma bayan ƴanci labarin bai sauya sosai ba. A ƙarshen Fabrairun 1992 ƙananan sojoji a Yamai suka kame gidan rediyo, suka tsare André Salifou, shugaban majalisar riƙon ƙwarya, a kan albashin da ba a biya su ba. A ƙarshen Yulin 2002 na Difa suka yi bore, suka tsare manyan jami'an jihar, a kan albashi da halin rayuwa. A Satumban 2015 sojojin Kamaru kimanin 200 da suka dawo daga aikin kiyaye zaman lafiya a Afirka ta Tsakiya suka yi tattaki a titunan Yawunde suna neman alawus ɗinsu na wata 8, kuma nan da nan gwamnati ta fitar da kuɗin. Wata masaniya, Maggie Dwyer, wadda ta bi diddigin boren sojoji a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ta wallafa bincikenta a 2017, ta nuna cewa mafi yawan irin wannan bore ba neman mulki ba ne. Hanya ce ta isar da koke ga manya, wadda ƙananan sojoji ke bi idan suka ga sauran ƙofofi a rufe, kuma ƙorafin yakan koma ga rashin adalcin na sama. Ruwa ba ya tsami banza.

Sai kuma zamanin da muke ciki, wanda ya fi kowane tsanani. Ranar 10 ga Disamban 2019 aka kashe sojojin Nijar 71 a Inates. Wata guda bayan haka, ranar 9 ga Janairun 2020, aka kashe 89 a Shinagodar. Ƙasa na cikin wannan makoki sai ga rahoton binciken sayen makamai a ma'aikatar tsaro, wanda ya ƙiyasta asarar kimanin miliyar 76 na sefa ta hanyar aringizon farashi da kayan da aka biya ba a kawo ba. Daga baya hukumomin shari'a sun ambaci adadin da bai kai wannan ba, amma ko da rabinsa ne, a tsaya a yi tunanin sojan da ke jin wannan labari a rediyo yana zaune cikin rami, bayan ya binne abokan kwanansa. Wace lacca a kan kishin ƙasa za ta goge abin da ya shiga zuciyarsa ranar? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Maƙwabtanmu sun ga irin wannan. A Burkina Faso, harin Inata na 14 ga Nuwamban 2021 ya ci rayuka aƙalla 53, mafi yawansu jandarmomi, sannan ta bayyana cewa mutanen sun yi kusan mako 2 suna kukan abinci ya yanke musu, har suna neman dabbobin da za su yanka a kewayen sansanin. Wata 2 da ƴan kwanaki bayan haka gwamnatin Roch Kaboré ta faɗi. A Mali, bayan kisan da aka yi wa sojoji a Agelhok a Janairun 2012, matan barikin Kati ne suka fara fitowa suna tambayar dalilin da ya sa aka tura mazajensu ba isassun harsasai, kuma a watan Maris boren da ya tashi daga wannan bariki ya kifar da gwamnatin Amadu Tumani Ture. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Mai karatu zai iya cewa, to ai maganar ta ƙare, a ƙara musu kuɗi kawai. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, wannan gaskiya ne, kuma babu wanda zai yi gardamar cewa albashin soja ya kamata ya riƙe gidansa, ya kuma zo a kan lokaci. Amma a dubi Kodebuwa. A Janairun 2017 sojoji kimanin 8,400, tsofaffin ƴan tawaye da aka shigar cikin runduna, suka yi bore daga Buwake suna neman sefa miliyan 12 kowannensu. Aka ba su miliyan 5. Kafin wata ya zagayo, wasu rukunan da ba a ba su ba suka tashi suna neman nasu. A watan Mayu na farkon suka sake fitowa, aka cika musu sauran miliyan 7. Abin da kowane soja ya koya daga nan shi ne, harbi sama ya fi haƙuri saurin biya. Kuɗin ya kashe wutar ranar, amma bai haifar da so ba. Tun a 1959 masanin nan na Amurka Frederick Herzberg ya lura cewa albashi da kyawun wurin aiki suna kawar da ɓacin rai ne kawai, abin da ke sa mutum ya ƙaunaci aikinsa kuwa daban ne: a ga ƙoƙarinsa, a ba shi amana, ya ga yana ci gaba, ya ji aikin yana da ma'ana.

Akwai hujjar da ta fi wannan kusa da mu. A yawancin ƙasashenmu babu rukunin sojan da ya kai masu tsaron fadar shugaban ƙasa gata: kayan aiki, alawus, zama a babban birni kusa da iyali. Duk da haka, a Afrilun 1999 kwamandan wannan runduna, Dauda Malam Wanke, shi ya gaji Ba'are Mainasara bayan an harbe shi a filin jirgin saman Yamai. A Yulin 2023 kwamandanta, Janar Abdurrahman Tiani, shi ya kawar da Bazum. A Gabon, a Agustan wannan shekarar, haka aka yi. Ba muna shari'ar waɗannan al'amura ba ne a nan, kowa da ra'ayinsa a kansu. Abin da muke nunawa shi ne, shugabannin da suka fifita wani rukuni don su sayi amincinsa ba su samu abin da suka biya ba, kuma sun bar sauran runduna da jin cewa sojoji iri biyu ne a ƙasa ɗaya: ƴan gata da ƴan bakin daga.

To me ke saƙa igiyar so da ta amana? A ganinmu amsar kalma ɗaya ce, adalci, kuma soja yana auna ta a wurare sanannu.

Yana auna ta a ƙarin girma. Mutumin da ya yi shekara 8 da igiya ɗaya, ya ga wanda suka fito horo tare ya wuce shi da biyu don yana da kawu a sama, ba ya bukatar a gaya masa matsayinsa. Haka zaɓen waɗanda za a tura kwas, da waɗanda za a tura aikin Majalisar Ɗinkin Duniya inda alawus ke da tsoka. Idan ka'idar a rubuce take kuma ana bin ta, wanda bai samu ba zai yi haƙuri ya ƙara himma. Idan kuwa sai da ɗan'uwa a gindin magarya, himmar ce ke fara mutuwa.

Yana auna ta a canjin dakaru. Wanda aka ce masa wata 6 zai yi a daji, ya shekara bai ga mai canjinsa ba, alhali wani bai taɓa barin inuwar ofis ba, gajiyarsa ta jiki ce da ta zuciya. An haifa masa ɗa bai gani ba, an yi jana'izar mahaifinsa ba ya nan. Abin da Sayyidina Umar ya gane ƙarni 14 da suka wuce bai tsufa ba.

Yana auna ta a halin hafsan da ke kansa. Ƙaramin soja bai san minista ba, bai san babban hafsan hafsoshi ba sai a hoto. Rundunar a idonsa ita ce laftanan ko kyaftin ɗin da suke kwana tare. Idan wannan hafsa ba ya cin abinci sai yaransa sun ci, ya san sunan kowa da sunan garinsu, yana gaba ranar tsoro, ba ya taɓa kuɗin abincinsu, to za su bi shi har inda ba a dawowa. Duk tsohon sojan da muka taɓa zama da shi, in ya tashi labarin aikinsa, ba ya fara wa da albashi. Da sunan wani kwamanda yake farawa, ko don alheri ko don akasinsa.

Yana auna ta a abin da ake yi wa wanda ya faɗi. Soja mai rai yana kallon yadda ake yi da abokinsa da nakiya ta cire wa ƙafa. Yana kallon matar marigayi da ta fita takaba tana yawo da takardu daga wannan ofis zuwa wancan, goye da jariri, ana ce mata ta dawo wani mako. A jikinta yake karanta makomar tasa matar. Jana'izar girmamawa da tuta a kan makara abu ne mai kyau, amma marayu ba tuta za su ci ba. Kowace rana da haƙƙin mamaci ya yi jinkiri, ana warware igiyar masu rai ne zare-zare.

Yana kuma auna ta a ƙofar fita. Soja yakan bar aiki da sauran ƙarfinsa, ƴaƴansa ba su gama makaranta ba. Idan abin da yake gani shi ne mazan jiya suna gadin shaguna da dare, ko suna layin fansho cikin rana, zai fara neman abin da zai tara tun yana cikin kaki, kuma daga nan ake samun mai karɓar na goro a shingen hanya, da mai sayar da man motar aiki. Koya wa soja sana'a kafin ya fita, da biyan haƙƙinsa ba tare da wahala ba, kariya ce ga mutuncin wanda bai fita ba tukuna.

Mun san akwai masu ganin irin wannan magana ba ta dace ba a lokacin yaƙi. Suna cewa soja ya yi rantsuwa, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma tona koken bariki karya gwiwar mayaƙa ne. Muna girmama wannan damuwa, amma rantsuwa alkawari ce tsakanin ɓangare biyu. Shi ya ɗauki nauyin ba da ransa, ƙasa ta ɗauki nauyin kada ta yi wasa da ran. Kuma ba faɗar matsala ke karya gwiwa ba, domin sojan ya riga kowa sanin ta, a cikinta yake kwana. Abin da ke karya gwiwa shi ne ya ga kowa ya sani, kowa ya yi shiru. Rundunar da ta buɗe ƙofar koke ta cikin gida, inda ƙaramin soja zai faɗi damuwarsa ba tare da an sa masa ido ba, ta rufe ƙofar bore. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Haka kuma, kada wani ya fahimci cewa muna wanke bore ko muna ba wa mai bindiga uzurin huce haushinsa a kan talaka. Sojan da aka zalunta a bariki ba shi da haƙƙin zaluntar direba a hanya ko makiyayi a daji. Hasali ma wannan na cikin dalilan da suka sa muke magana, domin wulaƙanci gangarowa yake yi kamar ruwa, daga babba zuwa ƙarami, daga ƙarami zuwa wanda ba shi da kaki. A nan ne kuma ya kamata mu rabu da wani ɓangare na gadon barde da ubangidansa. Mu riƙe darasinsa na haƙƙi ta ɓangare biyu, mu bar ɗaure biyayya ga mutum ɗaya. Sojan da ya san igiyarsa da abincinsa daga hannun wani maigida suke fitowa, na maigidan ne, duk inda ya juya nan zai bi. Wanda ya san daga doka suke fitowa, na ƙasa ne. Ba a samun wannan sai haƙƙi ya zama haƙƙi, ya daina zama alfarma.

A 2020 hukumomin Nijar sun bayyana niyyar ninka yawan sojoji daga 25,000 zuwa 50,000 cikin shekara 5. Samun masu shiga ba zai yi wuya ba, filayen ɗaukar kurata shaida ne. Sai dai kowane kurtu da aka ɗauka alkawari ne na shekara 20 ko 30: abincinsa, makaminsa, maganinsa, gidansa, fanshonsa, da marayunsa in ta Allah ta kasance. Ninka mutane ba tare da ninka wannan ɗawainiya ba, ninka masu ƙorafi ne. Yau kuma a Nijar da Mali da Burkina Faso masu kaki ne ke riƙe da ragamar mulki. Sun fito daga cikin bariki, sun san ciwon daga ciki, wasunsu ma da wannan koken suka hau. Babu wanda zai ce musu bai sani ba, kuma babu farar hular da za a ɗora wa laifi. Ma'aunin da za a auna su da shi a wannan fage ba jawabi ba ne. A tambayi kofur ɗin da ke kan iyaka ko abincinsa na zuwa, ko an canje shi a kan lokaci, ko matar abokinsa ta karɓi haƙƙinta.

Mu ma jama'a muna da namu kason. Muna rakiyar ɗanmu da guɗa ranar da ya shiga, sannan mu mai da shi rumbun da kowa ke ɗiba, ba mai tambayar abin da ke damun sa in ya zo hutu ya kasa barci. Muna yi wa wanda ya dawo da ciwon zuciya dariya, mu ce ya taɓu. A unguwanninmu akwai matan sojojin da suka rasu, mun san gidajensu. Zakka da sadaka da kuɗin makarantar maraya ba sai an jira gwamnati ba. Limamai da masu unguwa da ƙungiyoyin ƴan kasuwa suna iya sa wannan cikin abin da suke tunawa da shi kowace shekara. Soja yana jin labarin gida, kuma sanin cewa mutanen da yake tsarewa ba za su bar ƴaƴansa su tagayyara ba yana cikin abin da ke tsayar da ƙafarsa.

Saurayin nan da muka gani yana gudu a fili da asuba ya zo da igiyar so a hannunsa, ba wanda ya saya masa. Abin da ya rage ga ƙasa shi ne kada ta tsinka ta, har ya wayi gari ba abin da ke riƙe da shi sai lissafin shekarun da suka rage masa ya kai fansho.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka kwanta a bakin daga, Ya ba iyalansu haƙuri da mataimaka, Ya kare waɗanda ke tsaye, Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amanarsu, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Amin.